Goyon da Aka Hana Ni

Litinin, da hantsi

Baya: ciwo daga ƙugu zuwa cinyar hagu, kamar an soka mini basilla an manta ba a zare ba.

Likitar baya ce ta ɗora mini wannan aikin rubutu. Ta ce duk sa'ad da ciwon ya taso in rubuta lokacin da abin da nake yi. Na ce mata ni tela ce, rubutuna bai wuce awon kafaɗa da tsawon siket ba. Ta ce to in auna ciwon yadda nake auna mutane. Yarinya ce ƙarama, ina jin ko Autata ta girme ta, amma in ta buɗe baki sai ka rantse ita ta yi mini wankan jarirai.

Ba ta yin allura, ba ta ba da ƙwaya. Da hannu take aiki. Tana da wani gado mai rami wurin fuska, ka kwanta rub da ciki, ta bi ƙashin bayanka da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta danna, ka ji wani ƙas. Na yi salati da ƙarfi. Da na miƙe kuwa sai na ji iska ta shiga wuraren da ta daɗe ba ta shiga ba.

Da Maigida na je a bayana. Jikana ne, ɗan Auta, shekararsa biyu da rabi, tun da ya zo duniya ya ƙwace mulkin gidan na raɗa masa wannan suna. Dole ta sa na sauke shi, na jingina shi a kujera na tokare shi da jakata don kada ya kife. Likitar ta dube shi, ta dubi yadda ƙafafunsa suka miƙe suka harɗe, ta yi masa murmushi. Ni ta tambaya.

"Mama, kina daɗewa da shi a baya?"

"Ɗan lokaci kaɗan," in ji ni.

"To. Bayanki dai ya riga ki ba ni amsa."

Jiki magayi. Na ɗaure ɗana na fito ina harararta, amma a raina na ce yarinyar nan ta san aikinta.

Litinin, bayan magariba

Na ajiye tire a bakin ƙofar Auta. Da na koma an sha rabin shayin, biredin yana nan yadda na yanka shi.

Talata, da azahar

Baya: ya taso ina ɗaure goyo. Ya sake tasowa ina taka keken ɗinki da shi a baya.

Tunda an ce in rubuta gaskiya, da shi nake ɗinki, da shi nake yanka, da shi nake awo. Sai in zan yi salla nake kwance shi. A bayana Maigida yaro ne kamar kowane yaro, ya kwantar da kai, ana ganin ƙeya da kunne, sai a ce barci yake. In na sauke shi ne idon mutane yake canzawa, ni kuwa ba na son wannan idon.

Matar mai kemis ta zo karɓar rigarta. Ta ce, "Kai, ƙaton nan har yanzu goyo? Ki sauke shi ya yi ta gudu mana, za ki sangarta shi." Na ce mijina ne, in na ga dama in goya shi har ya yi gemu. Ta yi dariya, na yi dariya. Da ta fita na soke yatsana da allura, abin da rabona da shi tun ina koyon ɗinki.

Ta kuma tambayi Auta. Na ce tana hutawa.

Laraba, da safe

Ƙofar Auta a rufe. Na ji ta kunna famfo, ko ba komai ta yi wanka.

Alhamis, bayan la'asar

Baya: da sauƙi, ba don halina ba.

Yau na koma wurin Likitar baya da shiri a raina. Da ta gama da ni, na ɗauko Maigida na shimfiɗa shi a kan gadon nata. Na ce, "'Yar nan, yadda kika mayar mini da nawa, ki taimaka ki mayar masa da nasa. Ki danna ya yi ƙas, ya miƙe."

Ta wanke hannu. Ta tambayi Maigida izini, wai, "Ranka ya daɗe, zan taɓa ka." Ta shafa bayansa a hankali, ta lanƙwasa gwiwarsa, ta saki, ta juya tafin ƙafarsa. Shi kuwa sai kallon fankar sama yake. Daga nan ta ɗauke hannunta ta sa a aljihu.

"Mama, babu abin da ya goce a bayan yaron nan. Ba ni da abin da zan mayar."

"Ki dai gwada."

"Ba zan gwada a jikinsa ba. Kun je babban asibiti?"

Na ce mun je. Ta ce me suka ce. Na ce sun faɗi wani suna mai tsawo. Na san sunan sarai, na haddace shi tun a mota ranar, amma bakina ba ya ɗaukarsa, alƙalamina ma haka.

Ta zauna ta yi mini bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce ƙashinsa lafiya lau. Saƙon da ke fitowa daga kai zuwa ƙafa da hannu ne ba ya isa yadda ya kamata, kuma wannan ba aikin hannunta ba ne. Akwai masu aikin, a cibiyar yara da ke bayan layinsu, kuma shekarun da yake ciki yanzu su ne masu tsada. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ke nan. Ta ce haka ne, amma su ba tanƙwarawa suke yi ba, hanya suke nuna masa.

"Kuma Mama, duk wanda ya ce miki zai danna wuyan yaron nan ko bayansa ya tashi ya yi tafiya, ki ɗauki jikanki ki gudu."

"Da wane bayan zan gudu?"

Ta yi dariya har da riƙe gado. Sai ta cire farar rigarta, ta ba mutumin da ke jiran layi haƙuri, ta ɗauki Maigida a kafaɗarta ta ce in biyo ta. Da ƙafarta ta kai mu har ƙofar cibiyar, ta sa aka ba mu ranar Litinin. A hanya ta tambayi mamansa. Na ce ba ta jin daɗi. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, ba ta ƙara ba.

Juma'a, da safe

Na kwana da haushinta. Na je da buƙata an mayar mini da ita. Amma na yi shekaru ina ɗinki, na san telan da zai ce maka yadin nan ba zai isa ba ya fi wanda zai karɓa ya yanka ya ɓata. Ni kaina ban cika iya cewa ba zan iya ba.

Uban yaron ya kira. Ya ce ya gida, na ce lafiya. Ya ce ya yaron, na ce lafiya. Ina jin ƙarar motoci a inda yake. Bai tambayi Auta ba. Tun maganar da ya faɗa a mota ranar asibiti ban ƙara jin ya kira sunanta ba.

Asabar, da yamma

An ci shinkafa cokali kaɗan. Na gode Allah.

Litinin, bayan azahar

Baya: ya taso a matakalar cibiyar. Ya lafa da na zauna a ƙasa, abin mamaki.

Wuri ne babba ba kujera ko ɗaya. Katifun roba shimfiɗe ko'ina a ƙasa, manyan ƙwallaye, madubi daga bango zuwa bango, da wani katako mai maɗauri da ake tsayar da yara a ciki. Takalma a bakin ƙofa. Na ga yara iri-iri, wani yana toshe kunne, wata kanta ba ya tsayawa, kuma duk a ƙasa suke, ba wanda aka ɓoye a baya. Na tsaya da goyona kamar wadda ta zo biki da kayan aiki.

Wadda aka haɗa mu da ita na sa mata suna Malamar tabarma, don tun da muka shiga ban ga tsawonta ba. Mace ce mai jiki, da furfura a goshi, gwiwar wandonta duk ta koɗe. Ba ta gaishe ni ba sai da ta gaishe shi. Ta kwanta rub da ciki, fuskarta daidai tasa, ta yi ta kallonsa kamar ba ta da wani aiki a duniya. Ta kaɗa masa ƙararrawa, bai kula ba. Ta kawo mota mai fitila, ya kau da kai.

"Kaka, me yake so a gida?"

Na ce ba ya son komai sai bayana. Ta ce in yi tunani. Ina sunkuyawa sai tef ɗin awona ya zamo daga wuyana, rawaya, mai ƙarfe a baki. Idon Maigida ya bi shi. Ashe duk zaman da yake a bayana wannan tef ɗin yake kallo yana lilo.

Ta karɓa ta ajiye shi a gabansa, inda hannunsa ya kusa kaiwa amma bai kai ba. Ya miƙa, ya kasa, ya fara kuka. Ni kuwa kafin ƙiftawar ido na tura masa. Ta mayar. Na sake turawa da ƙafa, wai ba ta gani ba.

"Kaka, ɗaga ɗuwawunki."

"Na'am?"

"Sa hannuwanki a ƙarƙashi ki zauna a kansu. Duk kakanni haka nake musu."

Ni da na aurar da 'ya'ya, aka zaunar da ni a kan hannuna kamar 'yar aji ɗaya. Yana kuka, yana kallona. Na ce wannan ai mugunta ce. Ta ce, "Kukan ciwo daban, kukan haushi daban. In na ji na ciwo ni zan riga ki ɗaukarsa. Wannan haushi ne, kuma haushi ƙarfi ne, bar shi ya yi amfani da shi." Ta sa tafin hannunta a bayan ƙafarsa don ya sami abin tokarawa. Ya yi ta nishi, ya yi ja, ya tura. Ya matsa kamar faɗin yatsu uku, ya damƙi tef ɗin ya kai baki.

Ban san ina kuka ba sai da ta miƙo mini hankici. Ta ce ba ta yi mini alkawarin tafiya ba, ba ta san inda zai kai ba, ba wanda ya sani. Abin da ta sani shi ne a bayana ba zai koyi komai ba sai ƙeyata. Ta ce zuwa cibiya kaɗan ne daga aikin, sauran a gida yake, kullum, da wanda zai iya sauka ƙasa ya tashi. Ta dubi yadda nake dafa bango kafin in miƙe.

"Mamansa fa?"

Na ce ba ta jin daɗi. Na gaji da jin wannan maganar a bakina.

Talata, da hantsi

Na shimfiɗa bargo a lungun da ke tsakanin ɗakin ɗinki da ɗakunan kwana. Na ajiye shi, na ajiye tef, na zauna a kan hannuna. Ya yi kuka. Na ɗauke shi. Malamar tabarma ba ta nan, wa zai faɗa mata?

Laraba, bayan la'asar

Na sake gwadawa. Na daure har ya matsa. Na yi guɗa ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Da na kai tire na zauna a bakin ƙofar na ba ta labari duka, da tef ɗin, da zaman kan hannu, da gwiwar wandon Malama. Na yi ta zuba ko za ta yi dariya. Can na ji muryarta, ta dushe.

"Mama, ki bar ni."

"Ɗanki ya matsa da kansa, Auta."

"Da na je asibiti da wuri ranar naƙuda, da yanzu gudu yake."

Na ce wa ya gaya mata haka, ko da yake na san uban yaron ne ya gaya mata a mota, ina kujerar baya lokacin. Na ce likitoci ba su ce haka ba. Ta ce ba ta iya kallon ƙafafunsa. Na tashi don tukunya na kan murhu.

Alhamis, da azahar

Baya: Likita ta ce ya koma gidan jiya.

Yau ba wasa a fuskarta. Ta ce ita tana gyara ni ina warwarewa, kamar mai ɗinki da mai farkewa. Ta hana ni goyo kwata-kwata. Ta nuna mini yadda zan durƙusa in jawo shi jikina in ya zama dole, ba in sunkuya in sure shi ba. Na ce in ban goya shi ba ina zan sa shi in masu ɗinki sun zo? Ta ce a ƙasa, inda Malama ta ce. Ashe suna waya da juna a kaina, munafukan Allah.

Ina ɗaura ɗankwali ta ce, "Mama, rashin jin daɗin nan na mamansa, na kwanciya ne ko na rufe ƙofa?"

Na ci gaba da gyara ɗankwalina. Ta ce shi ma ciwo ne kamar na baya, yana da likitansa, kuma ba ita ba ce. Ta faɗa mini inda ake zuwa. Yarinyar nan ta fi kowa sanin inda hannunta ya tsaya, kuma ba ta jin kunyar nunawa.

Asabar, da hantsi

Na rataye zanin goyo a ƙusa bayan ƙofa.

Matar mai kemis ta kawo yadi. Maigida yana kan bargo a gefen keke, rub da ciki, yana kokawa da tef. Ta tsaya. Na ga idon nan da nake gudu ya sauko a kansa. Ta ce, "Au, ashe..." ta haɗiye sauran.

Na ce, "Ashe me? Makaranta yake. Matsa masa, kin tare masa hanya."

Ta matsa kuwa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ɗan ƙanwarta ma ya shekara uku bai ce uffan ba, suna ta ɓoye shi a ɗaki. Ta tambayi inda cibiyar take. Na kwatanta mata ina hura hanci kamar ni na gina wurin.

Lahadi, da yamma

Tire ya dawo ba a taɓa ba.

Talata, da la'asar

A kwance nake rubutu.

Jiya bayan mun dawo daga cibiya na yi masa wanka. Ya yi santsi, ya zame a baho, na sunkuya na sure shi yadda aka ce kada in yi. Wani abu ya tsinke mini a ƙugu. Allah ya taimaka na dire shi a kan tawul kafin in zube. Mun daɗe a ƙasan banɗaki ni da shi, yana dariya wai wasa ne. Na ƙwala wa Auta kira. Na ji motsi a bayan ƙofarta, na ji an taɓa mariƙin. Ba a buɗe ba. Maƙwabciyata mai shago ce ta jiyo ni ta taga ta shigo.

Ba zan rubuta abin da na ji a raina game da 'yata a lokacin ba. Ya wuce.

Laraba, kafin magariba

Likitar baya ta zo har gida bayan ta tashi aiki, da jakarta a kafaɗa. Ban kira ta ba, maƙwabciya ce ta kai mata labari. Ta ƙwanƙwasa gwiwata, ta sa na ɗaga yatsun ƙafa, ta tambaya ko ina jin ƙafar ta mutu. Ta ce yau ba za ta danna komai ba. In ƙafar ta fara mutuwa ko fitsari ya canza, asibiti kai tsaye a ɗauki hoto, ba wurinta ba. In ba haka ba in riƙa takawa kaɗan-kaɗan, amma ko butar shayi cikakkiya kada in ɗaga.

Na ce, "To wa zai kai shi cibiya?"

Ta ɗauki jakarta, ta bi lungu, ta tsallake bargon Maigida, ta tsaya a ƙofar da ke rufe. Ina hango ta daga gado. Ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Sannu, maman Maigida. Ni ce mai gyaran bayan Mama. Ba za ta iya ɗaukarsa ba yanzu, zai ɗauki lokaci. Ban zo in ce ki yi komai ba, na ga ya kamata ki ji daga bakina ne. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta juya ta tafi. Ni da nake jira ta yi mata wa'azi, na ji haushi. Daga baya na ga da ta yi wa'azin da ta zama kamar kowa.

Alhamis, da safe

Maƙwabciya tana ɗaga shi da safe, ta dawo da yamma. Tana da shagonta, ba zan ɗora mata fiye da haka ba.

Ba mu je cibiya ba.

Asabar, da azahar

Malamar tabarma ta kira. Ta ce gurbinsa yana nan, ba wanda zai taɓa, amma jikin yaro ba ya jira kamar yadda gurbi yake jira. Ta ce in ci gaba da abin da zan iya daga zaune. Na sa wayar a kunnen Maigida ta yi masa tsiya, wai ya gudu daga aji. Ya yi ta lasar wayar.

Na ƙara muryar yadda za a ji har ƙarshen lungu. Ba da gangan ba. To, da gangan.

Lahadi, bayan la'asar

Baya: ban sani ba, ban kula ba.

Maƙwabciya ta ajiye shi a kan bargo ta tafi. Na lallaɓa na zauna a ƙasa na jingina da bango. Na ajiye masa tef a gaba kamar kullum. Bai kalle shi ba. Rana ta faɗo ta tagar ɗakin Auta, hasken ya fito ta ƙarƙashin ƙofa, kuma a cikin hasken akwai inuwar ƙafafu biyu. Tana tsaye a wurin. Ashe nan take tsayawa.

Ta yi tari. Maigida ya ɗaga kai.

Ya bar tef ɗin a inda yake. Ya kafa gwiwar hannu, ya ja ciki, ya sauka daga kan bargon zuwa siminti. Bai taɓa wuce bakin bargon ba. Daga nan zuwa ƙofar bai fi yadi biyu ba, na auna wurin da ido sau ba adadi, amma a wurinsa tafiya ce. Ya ja, ya huta, ya dunguri ƙasa da haɓa, ya fashe da kuka. Na saurara da kyau. Na haushi ne. Na cusa hannuwana a ƙarƙashina na danne, ina cewa a raina ko bayan nan zai karye sai na ɗauke shi, ina kuma ce wa kaina in kika taɓa shi Allah ya isa. Ba wanda ya tokare masa ƙafa, da bango ya tokara.

Sannu ba ta hana zuwa. Hasken ya ja baya, ƙafafun ba su motsa ba. Da ya kusa, ya miƙa hannu ya cusa yatsunsa ta ƙarƙashin ƙofar, yana wani gurnani da yake yi in yana son abu.

Aka murɗa mariƙin a hankali, aka ja ƙofar ciki.

Ta rame. Gashinta a cukurkuɗe, rigar da na ɗinka mata tana lilo a jikinta. Ta dube shi a ƙasa, da majina da ƙura a haɓa, ta dubi ƙafafunsa, ba ta kau da kai ba. Ta sunkuya za ta sure shi. Sai ta tsaya. Ta ja da baya kaɗan, ta zauna a ƙasa, ta ɗaga jikinta ta sa hannuwanta biyu a ƙarƙashi ta zauna a kansu.

Duk ta ji. Duk surutun da na yi ta yi wa katako, ta ji.

"Zo," in ji ta, muryar tana karyewa. "Saura kaɗan. Zo, Babana."

Muka zauna ni da ita, kowa a kan hannunsa, muna kuka kamar an yi mana duka, shi kuwa yana ta nishinsa. Sai da ya ɗora goshi a kan gwiwarta sannan ta zare hannuwan.

Litinin, da safe

Ba ta warke ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Da safe ta daɗe a zaune bakin gado kafin ta iya sa takalmi. Amma ita za ta kai shi cibiya. Ta ce in ba ta kwatancen likitan da aka ce, za ta je, amma ba yau ba. Uban yaron bai kira ba, ba mu kuma yi zancensa ba.

Na ce ta biya ta gaida Likitar baya, ta ce mata tsohuwar nan mai taurin kai ta gode. Na ce in ta ga wata mai furfura kwance a ƙasa kada ta nemi kujera, babu.

Baya: da sauƙi. Ƙusar bayan ƙofa ba zani a kanta. Wata ta zo awon riga na laluba wuyana ban ji tef ba, sun tafi da shi. Na ce ta dawo da yamma, mai shi yana makaranta.